Jirage Biyu a Rumfar Mutari

A kasuwar Dole, layin masu bugun gwangwani,
rumfar Mutari ce ta uku in ka wuce mai kwano.
Shekara shida na yi can ina riƙe da almakashi,
ina yanka, yana naɗi, dalma na narkewa a kasko.

Mushe Kiyari ya bar lakwal, alli ya cinye muryarsa.
Ran wata Alhamis ya zo da littafi, gara ta ci bayansa,
hoton jirage biyu, baƙi da fari, a tsakiyarsa.
Ya ce, "Ƙera min su, Mutari, in kai wa jikana.
Wannan Ziro ne na Japan, wancan kuwa na Amurka,
sun yi kokawa bisa tekun da ban taɓa gani ba."

Mutari ya ɗau gwangwanin madara, ya lanƙwasa da yatsa.
"Wannan zai yi?" Mushe ya ce, "Shi ne, kar ka ƙara.
Sun tuɓe masa sulke don ya yi nisan zango,
babu ƙarfe bayan matuƙi, tankin mai ba riga.
Tsattsewa ce. Ka bi ta dama, ta ɓullo a ƙeyarka.
Farkon yaƙin, wanda ya yarda ya yi juyi da shi
da wuya ya ci tuwon dare."

Na Amurka fa?
Na jawo murfin duro daga ƙarƙashin benci.
Almakashi ya ƙi ci, sai kurfi da guduma.
Mushe ya yi dariya har tari ya sarƙe shi:
"Haka yake! Hawa da nishi, juyi kamar amalanke a yashi.
Amma harsashi ya shige shi ya fita, yana tafiyarsa,
tankinsa da roba, a huda ta, ta rufe bakinta.
In ya ga Ziro a bayansa sai ya kife kai ƙasa,
nauyin nan ya koma gudu,
shi ko Ziro, in gudu ya yi yawa, sandar tuƙi ta ƙage.
Suka koyi tafiya biyu-biyu, suna gitta juna kamar zaren saƙa,
ka bi ɗaya, ka faɗa bakin bindigar ɗan'uwansa.
Can kuma aka kawo ƙanensa, ƙarfin doki dubu biyu."

Mutari bai ɗago ba, yana goge fiffike da tsumma.
"Ni dai ina bayan marar nauyi.
Na ga siririn yaro ya kā da ƙato a filin kokawa."
"Sau nawa?" in ji Mushe. "Ƙato ya tashi ya karkaɗe.
Ziro in an taɓa shi, wuta ce.
Jirgi, a wata guda an ƙera wani.
Yaron da ke ciki fa? Shekara ashirin uwa na dafa masa."
Guduma ta tsaya. Mai shayi ya zo karɓar kofinsa.

Da la'asar jikan, Sanusi, ya hau dutse a Birni,
jirgi a kowane hannu, mu uku muna ƙasa.
Ya saki na gwangwani: ya yi lilo, ya yi shawagi,
ya haye katangar wani gida, muka ji ihun kaji.
Mutari ya yi tsalle, hularsa ta faɗi.
Na duro ya zo tim, ya fasa ƙasa gaban takalmin Mushe.
Aka ɗauka, aka hure. Ko lotsawa bai yi ba.

Mun yi sallama a gidan, wata tsohuwa ta miƙo mana Ziro
a murɗe, kamar an tauna.

Mutari ya rasu bara, Mushe ya riga shi da damina biyu.
Rumfar tawa ce yanzu. Sanusi na tuƙa mota zuwa Agadas,
ya bar min na duro, da shi nake danne takardun bashi.
Na gwangwanin ban san inda ya shiga ba,
sai dai tabon da fiffikensa ya yi min a babban yatsa,
wanda ke ƙaiƙayi in hadari ya haɗu a gabas.